Yadda Naman Da Ke Kewaye Da Sel Ɗin Fata Ke Juya Ƙwayoyin Gadonsa

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane sosai tunda labarin DNA ya yaɗu, wai komai na jikin mutum a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado, in fatarka ta yi tamoji da wuri a ce gado ne, in tabo ya taso maka a ce gado ne, shikenan an rufe magana. Akwai gaskiya a ciki amma bata cika ba. Sel, wato ƙaramar ƙwayar rai da aka gina jiki da irinta, wanda ke tafin hannunka da wanda ke fatar idonka da wanda ke tsakiyar tabon da ka ji tun kana yaro duk DNA ɗaya suke ɗauke da shi, ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu haɗa furotin, ba wanda aka ƙara wa ba wanda aka rage wa. To me ya sa aikinsu ya sha bamban haka? Sabida kowane sel wani ɓangare kaɗai yake buɗewa ya yi aiki da shi, saura suna nan a rufe. Waye ke gaya masa wanne zai buɗe? Akwai homon, wato sinadaran da jini ke kai wa sel saƙo da su, akwai sinadaran da maƙwabtansa ke aiko masa, amma wanda nake so mu zauna a kansa shi ne wanda aka daɗe ana rainawa, wato abun da sel ɗin yake zaune a kai da abun da ya kewaye shi.

Fata hawa biyu ce in an taƙaita. Na sama siriri ne, sel-sel ne a jere kan juna, yawancinsu irin da ake kira keratinosait, ana haifarsu a can ƙasa su riƙa hawowa suna taurara har su mutu su zube, tafiyar da ke ɗaukar wajen wata guda ko fiye. Na ƙasa shi ne mai kauri, kuma abun mamaki sel-sel ba su da yawa a cikinsa, yawancinsa wata saƙa ce ta zaruruwan furotin, kolajin ne ya fi yawa don ya haura kashi 70 cikin 100 na busasshen nauyin wannan hawan, sai elastin mai sa fata ta koma in an ja ta, sai faibironektin, sai wani sinadari mai yauƙi da ke riƙe ruwa wato hayaluronan. Masu wannan saƙar su ne sel-sel ɗin da ake kira faibirobilas, suna nan a warwatse cikinta suna riƙe da zaruruwan. Tsakanin hawa biyun kuma akwai wata shimfiɗa siririya ƙwarai da ido baya gani, an yi ta da laminin da kolajin nau'i na 4, a kanta keratinosait na layin ƙasa suke zaune. Shekara da shekaru masana sun ɗauki wannan saƙa da shimfiɗa a matsayin ciko kawai, abun da ke riƙe sel kar ya faɗi.

A 1982 wata masaniya haifaffiyar Iran mai suna Mina Bissell, da ke aiki a ɗakin binciken Lawrence Berkeley a Kalifoniya, ita da abokan aikinta biyu suka fitar da takarda suna cewa a'a, saƙar nan magana take da ƙwayoyin gado, kuma maganar kai-da-kawowa ce, sel ya saƙa, saƙar ta dawo ta gaya masa me zai yi gaba, shi kuma ya sake canza ta. Ita a kan sel ɗin nono ta fi yin aiki, ta nuna in ka ɗora su kan robar ɗakin gwaji sai su baje su daina yin furotin ɗin madara ko da ka basu homon ɗin da ya kamata, amma in ka sa su cikin saƙa mai laminin sai su dunƙule su koma aikinsu. Da farko mutane da yawa basu karɓa ba. Fata kuwa sai ta zama ɗaya daga wuraren da aka fi tabbatar da maganar, don tana waje, ana iya yankar ɗan guntu a raine shi a gwada.

Ga yadda saƙon yake shiga. A jikin bangon kowane sel akwai wasu furotin da suka huda bangon, kai ɗaya a waje kai ɗaya a ciki, sunansu intagirin, a jikin ɗan Adam akwai iri 24, kowane iri da abun da yake kamawa, wani kolajin wani laminin wani faibironektin. Na waje ya damƙi saƙa, na ciki kuma ya haɗu da zaruruwan wani furotin mai suna aktin da ke cikin sel ɗin, kuma sel baya zaune haka nan, kullum cikin ja yake, yana jan abun da ya kama kamar mai gwada ƙarfinsa. In abun mai tauri ne ya ƙi biyo shi sai zaruruwan ciki su ɗame, in mai laushi ne ko tsinkakke sai su saki. Wannan ɗamewa ko saki ita ce labarin. Kamar kalangu ne, fata ɗaya makaɗi ɗaya, amma matsa igiyoyin da sassauta su shi ke canza abun da gangar take faɗa.

Ta yaya ɗamewar zare ke zama umarni ga DNA? Hanya ta farko ta 'yan aike ce. Akwai wasu furotin biyu, YAP da TAZ, da ƙungiyar Stefano Piccolo a Jami'ar Padua ta Italiya suka nuna a 2011 cewa in sel ya baje kan abu mai tauri sai su shige cikin cibiyar sel inda DNA yake su kunna ƙwayoyin gadon rarrabuwa da girma, in kuma sel ya takure ko yana kan abu mai laushi sai a bar su a waje, ba su da iko. Akwai wani kuma da ake cewa MAL, wanda aktin ɗin da ba a saƙa ba ke riƙe shi, da zarar an kwashe aktin an shiga yin zare da shi sai MAL ya kuɓuce ya shiga ciki ya haɗu da abokin aikinsa SRF su kunna wasu ƙwayoyin gado. Hanya ta biyu ta fi bani mamaki, don ba ɗan aike, ja ne kai tsaye. Zaruruwan aktin suna ɗaure da bangon cibiyar sel ta wasu furotin, a bayan bangon kuma akwai wani rufi na furotin mai suna lamin (daban yake da laminin) wanda DNA ɗin kansa yake jingine da shi. DNA ɗin sel guda in an warware shi ya kai kusan mita 2, an nannaɗe shi ne cikin wurin da bai kai kaurin gashi ba, inda aka naɗe da ƙarfi ba a karantawa, inda aka sassauta ana karantawa. Sara Wickström da mutanenta a birnin Kolon na Jamus sun ɗora sel ɗin fata kan roba mai miƙewa suna ja suna saki, a 2016 suka nuna naɗin DNA ɗin yana canzawa kuma ƙwayoyin gadon da ke sa sel ya balaga suna yin shiru, a 2020 kuma suka nuna cibiyar ma laushi take yi na ɗan lokaci don kar jan ya tsinka DNA. Wato jan da aka yi daga waje ya kai har ga yadda aka naɗe littafin, wato DNA ɗin.

To mu dawo kan keratinosait, don a nan ne aka ga abun ƙuru-ƙuru. Babban hukuncin da kowane keratinosait na layin ƙasa zai yanke shi ne, in zauna in cigaba da haihuwa ko in bar nan in hau sama in taurara in mutu. Howard Green, wanda shi da James Rheinwald suka gano yadda ake rainon sel ɗin fatar mutum a kwano a 1975, ya lura in ka ɗage su daga abun da suke kai ka bar su suna yawo cikin ruwa mai kauri, ba su taɓa komai, nan da nan suke daina rarrabuwa su kama hanyar balaga. Daga baya Fiona Watt a Ingila, wadda ta shafe rayuwarta a kan wannan tambayar, ta nuna a 1989 ita da Josephine Adams cewa in ka zuba faibironektin cikin ruwan ya kama intagirin ɗinsu sai balagar ta tsaya, duk da har yanzu a rataye suke. A 1993 kuma suka nuna sel ɗin da suka fi yawan intagirin na beta-1, waɗanda suka fi saurin mannewa, su ne iyayen da ke haifar da saura.

Gwajin da na fi so shi ne na 2010. A ɗakin binciken Watt suka zana 'yan ƙananan da'irori na kolajin a kan gilashi, ko'ina ban da cikin da'irar sel baya iya mannewa, wasu faɗinsu maikiron 20 wasu 50, ka tuna gashin kai ɗaya ma yakan kai maikiron 50 zuwa 100. Kowace da'ira sel ɗaya. Ruwan abinci ɗaya, sinadarai ɗaya, sel daga fata ɗaya. Wanda ya samu da'ira mai faɗi ya baje abunsa ya zauna a matsayin uwa, wanda aka takure a ƙarama ya dunƙule kamar ƙwallo, cikin kwana guda da yawansu suka kunna ƙwayar gadon involukirin, alamar sun kama hanyar sama. Ba a taɓa DNA ɗinsu ba ko kaɗan, filin zama kawai aka rage, kuma suka bi sawun abun suka tarar ta hanyar aktin da MAL da SRF ɗin nan saƙon ya bi. Duk wanda ke cewa ƙwayar gado ce kaɗai mai faɗa a ji ya kamata ya tsaya kan wannan gwajin ya yi tunani.

Yanzu ka yanke da reza. Shimfiɗar ta tsage, keratinosait ɗin bakin ciwo da tun haihuwarsu laminin suka sani a ƙarƙashinsu sai ga su sun taka kolajin nau'i na 1, na hawan ƙasa, abun da a fata lafiyayya ba sa taɓa haɗuwa da shi. William Parks da abokan aikinsa a Sent Luwis ta Amurka sun nuna a shekarun 1990 cewa wannan taɓawar ta intagirin ce ke kunna ƙwayar gadon wani almakashin furotin mai suna MMP-1, wanda ke yanka kolajin. Sel ya kama, ya yanke, ya matsa gaba, ya sake kamawa, a haka suke rarrafe su rufe ciwon, kuma in aka toshe almakashin sai su maƙale wuri ɗaya. Da ɓangarorin biyu suka haɗu aka sake shimfiɗa laminin sai ƙwayar gadon ta rufe da kanta. Sel-sel ɗin da ke ɗan nesa da bakin ciwon, waɗanda har yanzu ke kan shimfiɗa, ba sa kunna ta. Ka ga ƙasan da sel ya taka ita ta gaya masa an ji ciwo kuma ita ta gaya masa an warke.

A ƙasa kuma faibirobilas na can suna nasu. Tun 1979 Eugene Bell ya fara zuba su cikin daskararren kolajin a kwano, Fred Grinnell a Dallas ya daɗe yana bin abun, kuma sakamakon a fili yake, in gefen daskararren a manne yake da kwano yadda sel zai ja ya ji turjiya, sai ya miƙe ya riƙa rarrabuwa yana yin sabon kolajin, in ka saki gefen ya zama yana iyo sai sel ya noƙe ya rage yin kolajin ya ƙara almakashi. A ciwo, ja ne ke da rinjaye. Faibirobilas ya rikiɗe ya koma wani sel mai ƙarfin tsoka da Giulio Gabbiani ya fara bayyanawa a Janeba a 1971, shi ke jawo bakin ciwo ya matse. Ga kuma inda abun ya ɗaure, akwai wani sinadari TGF-beta wanda shi ne babban mai ba da umarnin a yi tabo, ba a ruwa yake yawo ba, a ajiye yake jikin saƙar a kulle cikin kwasfa. Boris Hinz da mutanensa suka nuna a 2007 cewa sel ɗin da kansa yake kama kwasfar da intagirin ya ja, in saƙar mai laushi ce sai ta biyo shi kwasfar bata buɗe ba, in mai tauri ce sai kwasfar ta ɓalle sinadarin ya fito. Ya fito ya sa a ƙara kolajin, wurin ya ƙara tauri, jan ya ƙara tasiri, wani ya sake fitowa. A yawancin mutane wannan zagayen yana tsayawa bayan 'yan makonni, sel ɗin masu ja su mutu, tabon ya kwanta, ko da yake ko ya warke sarai ƙarfinsa baya wuce wajen kashi 80 cikin 100 na fatar asali.

A wasu kuwa baya tsayawa, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye don baƙar fata ta fi kowa fama da shi. Tabon nan mai tasowa yana sheƙi yana ƙaiƙayi, ya wuce iyakar ciwon ya cigaba da cin lafiyayyar fata, wanda likitoci ke cewa keloyid, kowa ya san wani mai shi, bayan hujin kunne ko tsagar wanzami ko ƙaho ko ƙurjin da bai kai ya kawo ba. Gado na da hannu, ba musu, yana bin dangi, a Japan a 2010 an gano alaƙarsa da wasu wurare a DNA har da ƙwayar gadon NEDD4, a 2017 kuma binciken wani babban iyali na Yarbawa ya nuna wata mai suna ASAH1. Amma ka duba mutum ɗaya mai gado ɗaya, me ya sa yake fito masa a tsakiyar ƙirji da kafaɗa da saman baya da muƙamuƙi, amma da wuya ka gan shi a tsakiyar kai ko a ƙwauri inda fata ke kwance kan ƙashi bata motsi? Rei Ogawa, likitan tiyata a Tokiyo da ya yi suna a wannan fannin, hujjarsa kenan, wuraren da fata ke shan ja dare da rana, numfashi kaɗai yana jan fatar ƙirji, kuma har siffar tabon tana bin inda jan ya nufa, shi ya sa na ƙirji yake miƙewa ta gefe da gefe. Bana cewa ja ya bayyana komai, na leɓatun kunne ga shi nan da yawa alhali wurin ba wani ja sosai, a can kumburin da ya daɗe daga huji da sa ɗankunne da cirewa ya fi taka rawa. Amma gado da muhalli tare suke aiki, kuma wannan ne dalilin da ya sa in aka yanke keloyid kawai aka ɗinke ba tare da wani mataki ba sau da yawa yake dawowa, wani lokacin ya fi na farko, an cire tabon amma an bar jan kuma an ƙara sabon ciwo. Don Allah mai irin wannan fatar kar ya bari a yanke masa a gida ko a shagon magani, kuma yarinyar da hujin farko ya taso mata kar a ƙara mata na biyu.

Likitocin tiyata sun san wani abu daga wannan tun kafin a san intagirin. Karl Langer a Biyana a 1861 ya zana layukan da fata ke ja a jiki, har yau ana ƙoƙarin yanka ya bi layin da ja ya fi sauƙi, kuma shi ya sa ake manna filasta ta takarda ko ta silikon kan ɗinki na watanni, a rage wa wurin ja.

Tsufa kuma kishiyar tabo ne, a can ja ya yi yawa a nan ya yi kaɗan. Gary Fisher da John Voorhees da James Varani a Jami'ar Mishigan sun shafe shekaru suna duba fatar tsofaffi da ta matasa a madubin ƙara girma. A ta matashi faibirobilas a miƙe yake, ya kama dogayen zaruruwa ta ko'ina. A ta tsoho zaruruwan sun gutsuttsure, sel ya kama ya ja ba abun da ya turje, sai ya noƙe ya ƙanƙance, kuma noƙaƙƙen sel kamar yadda aka gani a kwano yana rage kolajin ya ƙara MMP-1, ya ƙara yanka ɗan abun da ya rage, zagayen ya juya ta baya. Su ne kuma suka nuna a 1996 cewa hasken rana na UV yana kunna waɗannan almakasan cikin sa'o'i. Sai suka yi wani gwaji a 2007 da ya ja hankalina ƙwarai, suka yi wa dattawa allurar hayaluronan mai kauri a fatar hannu, irin wadda ake cika fuska da ita, abun ya cika wuri ya miƙe saƙar, sai ga tsofaffin faibirobilas da ke gefen allurar sun miƙe sun koma yin sabon kolajin. Ashe ba ƙarewa suka yi gaba ɗaya ba, abun kamawa suka rasa. A saman ma haka, Emi Nishimura a Tokiyo ta nuna a 2019 cewa wani kolajin nau'i na 17 da ke ƙusance keratinosait da shimfiɗa shi ke raba gardama tsakaninsu, mai shi da yawa ya zauna ya yaɗu, wanda nasa ya ragu a ture shi sama, da shekaru kuma kowa nasa ya ragu fata ta sirance.

Wannan ya kawo ni kan abun da ke damuna a kasuwa. Man shafawa mai kolajin da ake tallansa ko'ina, kolajin ƙato ne baya iya ratsa hawan sama ya isa inda faibirobilas yake balle ya shiga saƙa ya ɗaure, iyakarsa ya riƙe danshi a sama. Mafi muni kuma man bilicin masu sitiroyid a ciki, sitiroyid yana rufe ƙwayoyin gadon kolajin a faibirobilas kai tsaye, saƙar ta sirance, sai ka ga fata ta zama kamar leda jijiyoyi a fili, ga nankarwa jajaye masu faɗi a hammata da cinya, ɗan ciwo kaɗan ya ƙi warkewa, in tiyata ta kama kuma ɗinki ya riƙa wahalar kamawa. Kuma nankarwar sitiroyid in ta fito bata komawa, don saƙar ce ta yage. Ga rana irin tamu a kan fatar da aka cire wa kariya, almakashi ta sama, rashin saƙa ta ƙasa.

Akwai wata cuta da ta nuna mana iyakar muhimmancin shimfiɗar nan, wadda ake haihuwar yaro fatarsa na salewa da ɗan gogayya kaɗan, likitoci na taƙaita sunanta da EB. Kuskure ne a ƙwayar gado ɗaya cikin masu haɗa ƙusoshin da ke manne hawan sama da na ƙasa, laminin 332 ko kolajin nau'i na 7 da makamantansu. A 2015 aka kai wani yaro ɗan shekara 7, ɗan gudun hijirar Siriya, asibitin yara a Bochum ta Jamus, mafi yawan fatarsa ta sale, nasa kuskuren a ƙwayar gadon LAMB3 ne, ɗaya cikin masu haɗa laminin 332. Michele De Luca na Modena a Italiya ya karɓi ɗan guntun fatarsa, ya saka lafiyayyar ƙwayar gadon cikin sel ɗin, ya raine su suka zama faya-fayan fata, aka dasa masa a wajen kashi 80 cikin 100 na jikinsa, ta kama, aka wallafa a 2017. A nan ƙwayar gado ce ta gyara saƙa. Amma a masu matsalar kolajin na 7 mai tsanani sai ka ga ɗaya fuskar, ciwo kan ciwo, tabo kan tabo, hawan ƙasa ya taurare TGF-beta ya yi yawa, yatsu su manne, kuma da yawansu kansar fata mai zafin yaɗuwa ce ke zama ajalinsu suna matasa. Kansar daga keratinosait take tashi, amma bincike ya nuna taurarriyar saƙar da ke ƙarƙashi na cikin abun da ke ingiza ta. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin ɗigawa kan ciwon da ke kai ƙwayar gadon kolajin na 7 cikin sel.

Tambayar da ta rage ita ce ko za a iya yaudarar sel ya daina jin jan, a warke ba tabo. Jiki dai ya iya, ɗan tayi a watannin farko in aka yanke shi yana warkewa ba alama, saƙarsa mai laushi ce cike da hayaluronan. Akwai kuma wani ɓera mai ƙayar gashi a bayansa da Ashley Seifert ya bincika a Kenya ya wallafa a 2012, fatarsa na yagewa cikin sauƙi in an kama shi ya tsere, sai ta dawo da gashinta da komai, kuma saƙar da yake yi a ciwo sakakkiya ce ba a tsuke ba kamar ta sauran ɓeraye. A Jami'ar Stanford, Michael Longaker da Geoffrey Gurtner sun fara nuna cewa in ka sa wa ciwon ɓera na'urar da ke jan bakinsa sai ya yi tabo mai kauri irin na mutum, sannan a 2021 suka yi allurar batafofin, maganin da dama ana amfani da shi a ciwon ido kuma yana toshe YAP, a bakin ciwon ɓeraye. Faibirobilas ɗin basu kunna ƙwayar gadon Engrailed-1 da ke maida su masu tabo ba, fatar ta dawo da ramukan gashi da glandar maiƙo da ƙarfin fatar asali. Sakamako ne babba, amma fatar ɓera sakwa-sakwa take a jikinsa, ta mutum a ɗame take da kauri, kuma YAP ɗin nan keratinosait ma na buƙatarsa don rufe ciwo, don haka batun yawan maganin da lokacin ba da shi da zurfin da za a sa shi ba ƙaramin aiki bane, kuma duk wanda ya ce maka yana da allurar goge tabo da wannan sunan yanzu ya yi gaban abun da aka tabbatar a jikin mutane.